Ɗan Damben Gwantu da Ya Zauna a Gidanmu

Na auri ɗan dambe ba da son mahaifina ba. Shi dattijon ikilisiya ne a ƙauyenmu da ke gindin dutsen Kagoro, kuma a ganinsa mutumin da zai hau dandamali ya naushi ɗan'uwansa don jama'a su yi tafi, addu'a yake bukata, ba mata ba. Abin da ya sauko da shi shi ne ranar da saurayin nawa ya zo gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar gida yana magana ƙasa-ƙasa, har sai da Baba ya ce ya ɗaga murya. Bayan ya tafi Baba ya dube ni ya ce, "Wannan ne mai dukan mutanen? Ai ko kaza ba zai iya kora daga kan shanya ba."

Aka ɗaura mana aure a majami'a jim kaɗan bayan yaƙin basasa. Na tare a Kafanchan, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Ina koyarwa a firamare, shi kuma yana gyaran injin jirgi a loko, wato ma'aikatar gyaran jirage. Yarenmu ba ɗaya ba ne, don haka da Hausa muka yi soyayya, da ita muke faɗa, da ita muke addu'a. Malama yake kirana, a gida da waje.

Damben da yake yi ba na gargajiya ba ne da ake ɗaure hannu ɗaya da zare. Damben boko ne, na safar hannu biyu da igiya da ƙararrawa. Ya koya ne a kulob ɗin ma'aikata, wani dogon ɗaki mai rufin kwano a bayan tasha, inda aka rataye buhun yashi a jikin ƙarfen layin dogo. Ranar da na fara zuwa kallonsa, na tafi da ƙarin ɗankwali don in sami abin rufe ido. Ban yi amfani da shi ba. Abokin karawarsa, wani kakkauran mutum daga Jos, ya yi ta kai naushi yana dukan iska. Maigidana ya ɗan kauce, ya ɗan sunkuya, ya taɓa shi da hagu ya ja da baya, ya sake. Haka har aka tashi. Mutumin da ke zaune kusa da ni ya ci gyaɗa ya ƙoshi, ya yi hamma, ya tambayi na gabansa ko jirgin Inugu ya shigo. Da alƙalin wasa ya ɗaga hannun maigidana, aka yi ɗan tafi irin wanda ake yi wa yaro in ya haddace aya a makarantar Lahadi.

A hanyar gida na ce, "Ban ga an taɓa ka ba."

Ya ce, "Ai shi ne aikin, Malama. Ko kina so in dawo miki da hanci a karkace?"

Ba a jima ba ya shiga damben ƙwararru, wanda ake biya. Ya yi wasa a Jos, ya yi a Kaduna, ya yi a Inugu, kuma da wuya ya dawo ba da nasara ba. Amma kullum shi ake fara sawa, tun kujeru ba su cika ba, tun masu sayar da lemo suna jera kayansu. Akwai wani mai shirya wasanni, gajere mai tumbi, da yake zuwa daga Kaduna. Wata rana a falonmu maigidana ya tambaye shi yaushe za a ba shi babban wasa. Mutumin ya ajiye kofin shayi ya ce, "Kai gwani ne, kowa ya sani. Amma ni kujeru nake sayarwa. Babu wanda zai bar gonarsa ko ya rufe shago don ya zo kallon mutum yana kaucewa."

Maigidana ya raka shi har mota, ya dawo ya ɗauki igiyar tsallensa, ya yi ta tsalle a tsakar gida har abinci ya huce.

Da daminar shekarar da na haifi 'yarmu ta fari, ya dawo daga kulob wata yamma yana murza kafaɗa. Na tambaye shi ko ƙarfe ne ya faɗo masa a wurin aiki. Ya ce a'a, wani saurayi ne. Ɗan garin Gwantu ne, ya rako doyar kawunsa tasha, doya ta tafi shi ya zauna yana dako. Ya leƙo ta tagar kulob ya ga maigidana yana naushin iska shi kaɗai, sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Oga, wa kake duka? Ba kowa a wurin fa!" Maigidana ya kira shi ciki, ya sa masa safa ya ce ya gwada dukansa. Saurayin ya yi ta kai hannu yana samun iska yana dariya, har ya faɗa kan igiya. Amma naushi ɗaya ya sauka a kafaɗa, kuma har lokacin da maigidana ke ba ni labari hannun bai dawo daidai ba.

"Bai san komai ba," in ji shi. "Amma Ubangiji ya zuba masa wani abu a hannun dama."

Kafin sati ya zagayo ɗan Gwantu ya kwaso tabarmarsa ya tare a ƙaramin ɗakin da ke bayan kicinmu. Dogo ne, baƙi, da wushirya, da kunnuwa kamar an ɗora su daga baya. Maigidana ya zama Yaya, ni kuma na zama Mama, ko da yake ban girme shi da yawa ba. Hausarsa irin ta ƙauyukanmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Yakan leƙo kicin ya ce, "Mama, ka dafa pate?" In ce masa mace "kin" ake ce mata. Sai ya dafe ƙirji ya ce, "To Mama, kin yi haƙuri." Gobe kuma ya koma inda ya fito. Na gaji na bar shi. Cin abinci kuwa, sai da na sayi babbar tukunya. Amma shi ne ke ɗebo ruwa, shi ke faskare, kuma in jaririya ta ƙi yin shiru ya ɗora ta a tafin hannu ɗaya ya yi ta zagaya gida da ita yana mata wata waƙar ƙauyensu har ta yi barci.

Wurin gudu aka fara samun saɓani. Maigidana yakan fita tun garin bai gama wayewa ba, ya bi gefen layin dogo shi kaɗai, ya dawo ba wanda ya gan shi. Ɗan Gwantu kuwa sai rana ta fito, kuma ta tsakiyar kasuwa yake bi. Kafanchan garin jirgi ne, ba yaren da ba ka ji a cikinta, shi kuma ya bi ya koyi gaisuwar kowa. Ya gai da mai sayar da acca da yarenta, ya gai da Inyamurin da ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗe shagonsa da nasa, ya gai da 'yar Fulani mai nono da Fulatanci, duk a guje, duk a karkace, mutane suna dariya suna gyara masa. In ya ga tsohuwa tana fama da damin itace sai ya tsaya ya ɗora mata. Yara su biyo shi a baya suna amsa waƙar nan tasa. Kafin ya fita gari ya kama hanyar Kagoro, ya zama kamar mai jan garke.

Maigidana ya ce masa, "Wannan ba gudu ba ne, yawon gaisuwa ne."

Ya ce, "Yaya, in na yi gudu ni kaɗai ƙafa na yana gajiya. In da mutane ba ya gajiya."

Ya koyi abin da aka koya masa, amma rabi-rabi. Ya iya taka ƙafa, ya iya kai hagu kafin dama. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne tsare fuska. Daga kicin nakan ji muryar maigidana a tsakar gida: "Ɗaga hannu! Ɗaga hannunka, kai!" Ya ɗaga na ɗan lokaci, da wasa ya yi daɗi kuma ya sake su.

Wasansa na farko a filin ƙwallon ma'aikata aka yi, ranar Asabar da la'asar. Maigidana ne ya buɗe fili kamar kullum, ya ci wasansa tsaf, ya sauka ya goge jiki ya koma kusurwar yaronsa. Kafin a kira ɗan Gwantu filin ya cika har kan katanga. Matan kasuwa sun rufe rumfuna. 'Yan dako sun zo gaba ɗayansu. Wasu dattawa daga ƙauyensu sun iso da ƙahonin busa. Da ya fito, ba tafiya ya yi ba, rawa ya taka tun daga bakin fili har igiya, yana miƙa wa mutane hannu, yana kiran wannan Baba, wancan Inna. Matan zumuntarmu na coci, waɗanda suka sha yi mini wa'azi a kan sana'ar mijina, na hango su a layin gaba suna guɗa.

Aka buga ƙararrawa. Ya sha naushi a fuska tun ba a je ko'ina ba, ya girgiza kai ya yi murmushi, wushiryar nan a waje. Na ji filin gaba ɗaya ya ja numfashi. Ya sake sha. Wata mai sayar da ƙosai a bayana ta fara addu'a da ƙarfi. Ni kaina na tsinci ɗankwalina a bakina ina cizo. Can sai daman nan ta sauka, abokin karawarsa ya zauna a ƙasa kamar an janye masa kujera. Alƙali ya gama ƙirga bai tashi ba. Kafin a ɗaga hannunsa, ɗan Gwantu ya riga ya durƙusa ya tallafo mutumin, ya kai shi kusurwarsa, yana masa fifita da tawul. Da yamma kuma ya jawo shi har gidanmu, da kumburarren leɓe, ya ce, "Mama, baƙo ne, bai ci komai ba."

Daga ranar garin ya zama nasa. Tela ya ɗinka masa riga mai kyalli kyauta. Yaran ajina suka fara saka harshe a tsakanin haƙora wai su ma suna da wushirya. In muna tafiya coci tare, mutane sukan gai da shi tukuna, sannan su tuna da mu.

Maigidana kuwa, na san shi. Ya rage magana a wurin cin abinci. Wata Lahadi bayan sujada muna zaune a gindin mangwaro muna ɓare gyaɗa, ɗan Gwantu ya tafi kai 'yarmu yawo, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, na fi shi iyawa."

Na ce, "Na sani."

"Ko yau muka hau, ba zai taɓa ni ba."

"Shi ma ya sani."

"To me suke gani?"

Ba na so in ƙara masa ciwo, kuma ba na so in yi masa ƙarya. Sai na ce, "In kai ne a sama, hankalina kwance yake. Na san za ka dawo mini lafiya, har ina iya duba wa ya sa sabon zane. In shi ne, kowa ji yake ɗansa ne aka sa a gaba. Suna jin tsoro tare da shi, in ya tashi kuma ji suke su ne suka tashi. Kuma ya san su, Maigida. Ya san sunan jikar mai ƙosai."

Ya murƙushe ɓawon gyaɗa a hannu ya ce, "Wato laifina shi ne ba na bari a buge ni."

Na ce, "Ba laifi ba ne. Ni shi ya sa nake barci."

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai zuci ba.

Bayan kamar shekara biyu, ɗan Gwantu ya yi wasanni da dama bai faɗi ba, sai mai tumbin nan ya sake zuwa falonmu. Wani zakara zai zo daga Ikko, mai riƙe da kambu, za a yi babban wasa a Kaduna, ana neman wanda zai kara da shi daga wajenmu. Wasan da maigidana ya yi shekaru yana jira ke nan, kuma nauyinsu ɗaya da yaron. Mutumin bai ko yi kwana-kwana ba, ya ce ɗan Gwantu yake so.

Yaron ya miƙe tsaye ya ce, "A'a. Wannan na Yaya ne. Ni ban isa ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Maigidana ya dubi hannuwansa, waɗanda baƙin mai ya riga ya zauna a layukansu, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Zauna. Kai za ka je. Ni zan tsaya maka a kusurwa." Ya juya ga baƙon ya ce, "Amma ka sani, bai gama nuna ba. Mutumin nan na Ikko na taɓa ganin wasansa."

Tun daga ranar bai sake hawa dandamali don kansa ba. Bai yi sanarwa ba, bai yi bankwana da kowa ba. Ya dai mai da duk ƙarfinsa kan yaron. Ya zama shi ne zakaran Ikko a tsakar gidanmu, yana kwaikwayon tsayuwarsa, yana kai masa hagu a gira ɗaya har sai ya koyi karewa.

Su biyun suka riga mu tafiya a jirgi. Ni na bar 'yarmu wurin mahaifiyata na bi motar magoya baya, babbar roka da 'yan kasuwa suka yi haya, cike da mata da ganguna da masu ƙaho. Da muka tsaya shan ruwa a Kasuwan Magani, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka kewaye mu suna tambaya ko mu ne mutanen mai wushirya. Wasu samari suka bar abin da suke yi suka ɗare bayan motar. Wata tsohuwa ta ba ni ƙullin gyaɗa ta ce in kai masa.

A fili aka yi wasan, da rana tsaka ta ɗan karya. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Zakaran Ikko ya fito ba kiɗa ba rawa, dogon mutum mai dogayen hannuwa, fuskarsa ba alamar wasa. Da na ga yadda yake taka ƙafa sai gabana ya faɗi, don irin takun maigidana ne.

Da farko yaronmu ya riƙe abin da aka koya masa. Hannu a sama, kai a sunkuye. Har ya sami mutumin da daman nan sau ɗaya, ya yi tangaɗi, filin ya ɗauki ihu kamar rufin sama zai tsage. Ihun ne ya cuce shi. Ya ji daɗi, ya saki hannu, ya bi mutumin yana neman gamawa. Zakaran kuwa abin da yake jira ke nan. Hagu, hagu, hagu, duk a gira ɗaya. Girar ta fashe. Kafin a kai tsakiyar wasa idon hagu ya rufe ruf, jini yana gangarowa har ƙirji. Ya faɗi, ya tashi. Jama'a suka yi ta kiran sunansa. Ya sake faɗuwa, ya kama igiya ya miƙe, ya juyo wajenmu ya yi murmushin nan da jini a haƙora. Mutane suka haukace. Mata suna kuka suna guɗa a lokaci ɗaya.

Ni maigidana nake kallo. Yana tsugune a kusurwa da farin tawul a kafaɗa. Na ga yaron ya kai naushi inda babu kowa, har sau biyu, kuma ba dariya yake yi ba wannan karon. Na ga maigidana ya miƙe. Ya cire tawul ɗin ya jefa tsakiyar dandamali.

Alƙali ya shiga tsakani ya tsai da wasa.

Abin da ya biyo baya har yau ba na son tunawa. Filin ya juya kan maigidana. Ɓawon lemo, guntun rake, takalma, duk suka yi ta sauka a kansa. Mutanen da muka zo mota ɗaya da su, waɗanda suka sha ruwa a gidana, suna nuna shi da yatsa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Hassada ce! Ba ya so yaron ya wuce shi!" Sai kalmar ta bazu, kowa ya ɗauka. Maigidana bai kare kansa ba. Mutumin da ba a taɓa iya taɓa fuskarsa ba ya tsaya cak, guntun rake ya same shi a kunci, bai ko ɗaga hannu ba. Na yi ta ƙoƙarin kutsawa in isa wurinsa, an matse ni ko'ina.

Sai ɗan Gwantu ya ture masu duba masa ido, ya tako da ƙyar ya tsaya a gaban maigidana, ya buɗe hannuwansa biyu. Ya dai tsaya, jini na ɗiga daga haɓarsa. Jifa ta tsaya. Hayaniya ta yi ta raguwa daga gaba zuwa baya har ana jin kukan wani jariri a can ƙarshen fili. Ya miƙa hannu aka ba shi abin magana na mai sanarwa.

Ya ce, "Mutanena. Wanda zai jefi Yaya na, ya jefe ni tukuna." Ya tsaya ya ja numfashi. "Tun ɗazu mutum uku nake gani a gaba na. Ban san wanne zan buga ba. Ku ba ku sani ba. Shi ya sani."

Ya juya ya hango zakaran Ikko a tsaye a ɗaya kusurwar, da kambunsa a kafaɗa, ba mai ko dubansa. Ya taka ya je ya kamo hannunsa ya ɗaga sama ya ce, "Wannan ya fi ni yau. Baƙonmu ne. Ku tafa masa." Suka tafa. Mutanen da suke jifa yanzu-yanzu suka tafa har da guɗa. Sannan ya fara waƙar nan ta gudunsa da dasasshiyar murya, 'yan Kafanchan suka amsa, sauran filin da ba su san yaren ba suka bi sautin. A kafaɗa aka fitar da shi, shi da aka ci.

Na sami maigidana a bayan dandamali yana tattara kwalaben ruwa da almakashi a jaka. Na ciro ɗankwali na goge masa kunci. Ya ce, "Kin ga abin da ya yi? Da hannu biyu kawai ya tsai da su." Ya girgiza kai. "Ko na shekara ɗari ina cin wasa ba zan iya wannan ba, Malama. Ba a koya shi."

Na zaci magana ta ƙare a nan, ashe ba ta ƙare ba. A asibiti, bayan an ɗinke girar an naɗe masa rabin fuska, jama'a sun watse, ɗan Gwantu ya juya wa maigidana baya ya fuskanci bango. Ya ce, "Yaya, da ka bar ni kaɗan. Saura kaɗan in same shi."

Maigidana ya ce, "Da na bar ka, da yanzu da sanda za a mai da kai Gwantu."

"Ido na ne. Ba naka ba."

"Haka ne."

Ɗan Gwantu bai sake yi masa magana ba har muka koma Kafanchan. A gida ma in maigidana ya shigo tsakar gida, shi sai ya shige ɗakinsa. Ni yake yi wa magana, ni nake kai saƙo tsakaninsu kamar masu zaman gaba. Abin ya dame ni, na ce zan kira fasto. Maigidana ya ce in bari. Kowace safiya kafin ya tafi loko, shi da kansa yake dama kunu, ya tafasa ruwan wanke ciwon, ya ajiye a ƙofar ɗakin ya wuce.

Ranar da aka je asibitin garinmu aka kwance bandejin, likita ya rufe masa idon dama ya ɗaga yatsu ya ce ya faɗa. Ya faɗa daidai. Likitan ya ce saura ƙiris da an rasa idon. Muka fito, muna tafiya a gefen hanya. Can sai ɗan Gwantu ya tsaya ya ce, "Yaya, gobe da wane lokaci za mu fita gudu?"

Maigidana ya ce, "Lokacina ko naka?"

Ya ce, "Naka. Amma mu dawo ta kasuwa."

Ya ƙara shekara ɗaya a gidanmu, kuma a shekarar ce ya koyi tsare fuskarsa. Daga nan masu shirya wasa na Ikko suka aiko a kai shi. Wasan da ya faɗi a Kaduna ya fi duk waɗanda ya ci yi masa suna. Maigidana ya ce ya tafi, can akwai masu horarwa da kayan aiki da ba mu da su. Shi bai bi shi ba, yana da aikinsa, ga yara sun zama biyu. A rediyo muka ji ranar da ɗan Gwantu ya ɗauki kambu, maƙwabta cike da falonmu har waje. Da mai sharhi ya ce yaron ya iya kaucewa kamar tsohon hannu, maigidana ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗan jima, ya fito da jajayen idanu ya ce hayaƙin fitila ne.

Ɗan Gwantu bai daɗe a damben ba. Bayan 'yan shekaru ya ajiye safa da kansa, da lafiyarsa, ya koma Gwantu ya yi aure ya kama noman doya. Ya aiko mana mu je Kirsimeti. Muka je da yara. Tun daga bakin gari aka tare mu, don ya gaya wa kowa Yayansa na zuwa. Bayan sujada ya kai mu wurin mahaifiyarsa, wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta jin Hausa, ba ta kuma taɓa ganin damben boko ba. Tana zaune a kan kututture a ƙofar ɗakinta. Ta yi wa ɗanta tambaya da yarensu, ya nuna hannun daman maigidana. Ta kamo hannun da nata biyu, ta juya shi, ta shafa tafin, ta daɗe tana magana a kansa.

Na tambayi ɗan Gwantu me take cewa. Ya ce, "Ya ce wai mutane da yawa sun zo sun gaya masa yadda na buga mutane. Mutum ɗaya ne kawai ya hana a buga ni. Yana sa wa hannun albarka."

Maigidana ya durƙusa a gabanta, kansa a ƙasa, yana cewa, "Amin, Mama. Amin."

Da za mu tafi ta sa aka kamo wata jar kaza aka ɗaure mata ƙafa, ta ce ba ta yarda a sa ta a bayan mota ba, shi zai riƙe. Haka muka kamo hanyar Kafanchan da yamma, motar tana tsalle a kan gargada, yara sun yi barci a jikina. Kafin mu yi nisa shi ma ya kwantar da kai a kafaɗata ya yi barci, da kazar a cinyarsa, hannunsa ɗaya a kan bayanta don kada ta faɗi.